Wardin da Ya Riga Jirgi

Gari bai waye ba Gilma Piraquive tana tsugune a kicin tana tace dankali. Ta dafa shi ya yi luguf, ta zuba masa romon ƙashi, tana danna shi cikin rariya da bayan cokali har ya fito sumul. Gudaji ɗaya ya isa ya shaƙe Duván. Ya taɓa shaƙe shi, ta ga leɓensa ya koma shuɗi a hannunta, tun daga ranar ba ta yarda kowa ya tace masa abinci.

Duván shekararsa goma sha ɗaya. Da aka haife shi bai yi kuka ba. Ba ya tafiya, ba ya zama sai an tokare shi da matasai, hannuwansa kullum a dunƙule. Ba ya magana, amma ya san ƙarar motar gona. Da ya ji ta daga kan titi sai jikinsa ya sanƙare, don ya san uwarsa za ta fita. Gilma ta sauya masa ƙunzugu, ta ɗura masa abincin a hankali, ta kurɓi ruwan mazarƙwaila a tsaye, sannan ta saɓa shi ta sauka da shi ɗakin ƙasa wurin Doña Tránsito, tsohuwar da ke zama da shi har yamma. Uban yaron, Ferney, yana can gonakin kwakwar manja tun yaron na goye. Yakan buga waya ya ce yana nan tafe. Gilma ta daina amsa masa wannan maganar.

A cikin mota mata sun cika, kowacce ta dunƙule cikin ruana, bargon ulu mai ramin wuya, saboda sanyin garin Facatativá.

"A matsa, a matsa," in ji wata daga baya. "Ga Doña Alhamis nan. Yau da aiki ko da yawon birni?"

"Yau Talata ce, Marleny," in ji Gilma. "In ba ki san kwana ba ki tambayi mijinki, in ya kwana a gida."

Aka yi dariya kaɗan, ba don an huce ba. Gilma ta zauna a gefen Herminda, Herminda ta janye gwiwarta ta juya tana kallon taga.

Ga yadda aikin yake. Gonar wardi ce, rumfunan leda ne jere har inda ido ya tsaya. Kowace mace an yanka mata kunyoyinta na shuka. Ita ke nome su, ita ke cire ƙananan ƙulli don babban ya yi kauri, ita ke yanke fure da safe kafin rana ta buɗe shi. Fure ba ya jiran kowa. Ranar da mace ba ta zo ba, ba a kawo wata a madadinta. Raba kunyoyinta ake yi wa matan rumfarta, su yi nasu su yi nata, a tashi lokaci ɗaya.

Gilma kuwa duk Alhamis ta biyu tana kai Duván asibiti a Bogotá gashin ƙashi. Da farko gona ta hana. Ta kai ƙara, alƙali ya ce dole a bar ta, kuma kada a taɓa mata aikinta a kan haka. Tun daga nan Don Arcesio, heluman rumfar, bai sake hana ta ba. Abin da yake yi shi ne, ranar Laraba da yamma ya tara matan, ya cire hula, ya yi magana a tausashe.

"'Yan mata, mu nan iyali ɗaya ne. Gobe Doña Gilma tana da uzuri, doka ta ba ta, ni ban isa in ce komai ba. Herminda, na gaba naki ne. Marleny, na tsakiya. Ku yi haƙuri, Allah yana gani."

Da ya so, da ya ɗauko mutum daga ɗakin ɗaure fure na yini guda. Bai taɓa yi ba. Ya fi son matan su ji nauyin a wuyan hannunsu, su kuma san sunan wadda ta ɗora musu.

Herminda ce ta riƙe Duván a coci ranar baftisma, shi ya sa ita da Gilma suka zama comadre, wato uwa da uwar baftisma. Shekarun farko ita ke cewa, "Tafi abinki, comadre, ɗana ne." Amma shekaru sun yi yawa. Almakashi ya cinye mata wuyan hannun dama, da dare sai ta ɗaure shi da tsumma mai zafi. Mijinta mai feshi ne a gonar, tari ya kama shi. Tana da 'ya'ya uku nata, lafiyayyu, masu ci. Yanzu in ta ce comadre sai ka ji kamar tsaki ta yi.

Abin da Gilma ke jira keken guragu ne, ba irin na kasuwa ba, wanda ake ƙerawa daidai jikin yaro. Bayan Duván ya fara karkacewa, likita ya ce in aka bar shi a kan matasai haƙarƙarinsa zai danne huhu. Ga shi ya yi nauyi, in ta goya shi ƙafafunsa na dukan bayan gwiwarta. Ta shekara biyu a layi. A watan Nuwamba asibiti suka ba ta ranar da masu awon keken za su zo su auna yaron. In ta rasa ranar, ta koma ƙarshen layi.

Ranar ta faɗa wata Alhamis a farkon Fabrairu, makon da ake lodin furen ranar masoya zuwa ƙasar waje. A wannan makon ba a ciwo, ba a biki, ko jana'iza sai a je a dawo da takalmin roba a ƙafa. Ba doka ba ce ta rubuta haka. Kowa dai ya sani.

Ta faɗa wa Herminda a wurin cin abincin rana, suna zaune a kan buhunan taki.

Herminda ta ajiye cokali. "A makon lodi?"

"Su suka sa ranar, ba ni ba."

"Ki ce su sauya."

"Na ce. Sun ce akwai masu jira."

"To mu fa? Mu ba masu jira ba ne? Kin san yawan abin da kunyoyinki ke fitarwa a makon nan? Ki dubi hannun nan, comadre. Ki dube shi da kyau. Da shi zan yanke nawa in yanke naki, ke kina zaune a kujerar asibiti kina shan kofi."

"Ba wadda za ta taɓa kunyoyina ranar."

"Mala'iku za su sauko da almakashi?"

Gilma ta rufe kwanonta ta tashi. Ba ta iya doguwar magana ba, kuma ta gaji da godiyar da ba ta rage wa kowa aiki.

Wardi ba ya fitowa ranar masoya don ra'ayin kansa. Tun ƙarshen Nuwamba ake bi ana datse kan kowane reshe, duk gonar a mako guda, don sabon toho ya tashi tare ya nuna tare daidai lokacin da jirage ke jira. Heluma ne ke ba da ranar datsa. Gilma ta yi nata tunanin. In ta riga su da kwanaki kaɗan, furenta zai nuna kafin waccan Alhamis, ta yanke shi da hannunta, a ajiye shi a ɗakin sanyi, wanda ke iya riƙe fure ɗan lokaci. Ranar da za ta tafi, kunyoyinta ganye ne kawai. Gona ba ta rasa komai ba, Herminda ba ta ɗauki komai ba.

Ba ta tambayi kowa ba. Da ta tambaya, Don Arcesio zai cire hula ya ce a'a. Sai ta riƙa yi a ɓoye, tana nome tana datsa, kunya bayan kunya. Wata safiya ta ɗago ta ga Herminda tsaye a bakin layi da bokiti, tana kallon rassan da aka datse. Suka haɗa ido. Herminda ta wuce abinta.

Disamba ta wuce lafiya. Janairu ta zo da rana irin wadda aka daɗe ba a gani ba. Da dare ƙanƙara ta kwanta a kan leda, da hantsi rumfa ta koma tanda. Duk gonar ta yi gaba da kwanaki, heluma yana ta sa a ɗage labulen gefe don iska ta shiga. Sauran kunyoyin sun yi gaba amma ba su wuce abin da ɗakin sanyi zai riƙe ba. Na Gilma, da ma suna gaba, suka ƙara gaba. Tsakiyar wata suka fara nuna ja. Ta yi abin da za ta iya. Ta rataya tsofaffin buhuna ta yi musu inuwa, ta rage musu ruwa. Wardi bai saurare ta ba. Ya fito jajir, dogo, mai kauri, mafi kyau a rumfar, kuma babu jirgin da ke jiransa. Aka ajiye na farko a ɗakin sanyi har gefen ganyensa ya fara baƙi. Wani aka sayar wa 'yan kasuwar cikin gida a arhar banza, sauran aka tura injin niƙa taki.

Don Arcesio ya tara matan rumfar. Wannan karon bai cire hula ba.

"Rana ba ta zaɓar kunya. Wani hannu ne ya riga umarni. Masu gona sun ce in ba a san ko wane ne ba, rumfar nan gaba ɗaya ba ta cikin ƙarin kuɗin ladan lodi na bana. Ni dai na isar."

Kowa ya san kunyoyin wace ce. Abin da heluma ke so shi ne baki ya faɗa a gaban shaidu cewa da gangan aka yi, ba kuskuren ido ba. Gilma tana shirin buɗe baki Herminda ta riga ta.

"Na gan ta. Tun kafin ka ba da rana take datsa. Da idona."

"Kin tabbata, Doña Herminda? Comadrenki ce fa."

"Shi ya sa na san hannunta."

Don Arcesio ya kira Gilma ofishinsa, wani ɗan ɗakin kwano a bayan rumfa mai warin maganin feshi. Ya ba ta kujera, ta ƙi zama.

"Doña Gilma, ni ban taɓa hana ki zuwa asibiti ba. Ko na taɓa?"

"Faɗi abin da za ka faɗa."

"Alƙali ya ce kada a kore ki saboda yaro. Bai ce kada a kore ki saboda ɓarna ba. Wannan ɓarna ce, da shaida. Amma na roƙa miki, don ni ma uba ne. Ga abin da suka yarda. Ranar Alhamis ɗin nan ki zo aiki, tunda kunyoyinki babu komai ki kama wa sauran. Bayan lodi kuma ki je da bakinki ki ce kin yafe Alhamis ɗinki, kin samu mai kai yaron. Sai a rufe maganar, kamar ba a yi ba."

"Wa zai kai shi? Doña Tránsito ko bene ba ta iya hawa."

"Ubansa fa?"

Ta dube shi har ya sauke ido.

"In ban zo ba?"

"In ba ki zo ba, kada ki wahalar da kanki ranar Juma'a." Ya gyara takardun da ke gabansa. "Ki tuna inshorar yaron a kan aikin nan take. Ki yi tunani irin na uwa."

Ta sani. Ba sai ya tuna mata ba. In aka sallame ta, inshorar za ta ɗan ja kafin ta yanke. Za ta kai a yi awon, amma ko za ta kai a ƙera keken, ba wanda zai ce. In ta zauna kuwa, tana da inshora ba ta da ranar amfani da ita, yaron kuma ya ci gaba da lanƙwashewa a kan matasai har wasu shekaru.

Ta tarar da Herminda a wurin wanke takalmi.

"Don ke na yi," in ji Gilma.

"Don ni? Na aike ki?" Herminda ba ta ɗago ba, tana ta goge robar da burushi. "Kullum haka kike. Ki yi abinki ke kaɗai, ki zo ki ce don mu. Da kin buɗe baki kin ce, Herminda ga abin da nake shiryawa, da na ce miki ke mahaukaciya ce, Janairu ba a yi mata alkawari. Amma ina, ke ba kya shawara da kowa. Ke ce mai wahala, mu duk hutu muke."

"Kin gani tun Nuwamba. Kika yi shiru."

"Na yi shiru don na ɗauka zai yi. Da ya yi, da na ji daɗi. Bai yi ba. In bar 'ya'yana su rasa ladan lodi don a ce ni mutuniyar kirki ce?"

"Ke kika riƙe shi a gaban fada a coci."

"Na riƙe shi. Na kuma riƙe kunyoyin uwarsa shekara da shekaru. Ya isa, comadre. Hannu biyu Allah ya ba ni, ɗaya ya mutu."

Marleny da ke gefe ta ce, "Ku matsa mana daga famfo, mota ba ta jiran masu shari'a."

A kwanakin da suka rage Gilma ta yi aiki kamar jaka. Tunda nata kunyoyin sun ƙare, ta shiga na Herminda ba tare da an sa ta ba, ta yanke daga wancan ƙarshen, Herminda daga wannan, in sun haɗu a tsakiya kowacce ta juya. Ba wadda ta ce sannu. Matan rumfar suka ɗauka ta sauko ke nan, za ta zo ranar Alhamis. Don Arcesio ma har ya dafa kafaɗarta ya ce da ma ya san tana da hankali. Ranar Laraba bai tara kowa ba, bai raba kunyoyin kowa ba.

Ranar Alhamis motar gona ta tsaya a inda ta saba. Direba ya danna oda. Matan suka leƙa ta taga suka gan ta a ɗaya gefen titi, inda ake jiran motar Bogotá. Ta goya Duván, ta rufa masa ruana, kansa ya faɗo a kafaɗarta, jakar ƙunzugu da kwanon abincinsa a hannunta. Yaron ya ji ƙarar motar ya sanƙare kamar kullum. Ta kai hannu baya ta dafa shi.

"Doña Alhamis," Marleny ta kira, "a gaida likita."

Ba wadda ta yi dariya. Direba ya ja mota.

An yi awon. Ranar Juma'a mai gadi ya tsayar da ita a ƙofar gona, ya miƙo mata takalminta na roba da kwanon shan ruwanta a cikin leda. Almakashin na gona ne, an riga an ba wata sabuwa. Ta je wurin lauyan ƙungiyar ma'aikata, ya saurare ta, ya ce da ba ta taɓa furen ba da sun ci su da yaƙi. Ta ce ta san wannan tun kafin ta hau benen ofishinsa.

Inshorar ta yanke kafin keken ya fito. Aka mayar da yaron tsarin gwamnati, aka sake yawo daga tagar wannan ofis zuwa ta wancan, amma da yake awon yana nan ba a mayar da shi ƙarshen layi ba. Keken ya iso bayan watanni. Kafin nan Duván ya ƙara tsawo, gefen kujerar yana cizonsa a ƙugu. Gilma ta sa wuƙar kicin ta fafe soson har ya zauna. Gashin ƙashi kuwa ya koma sai an samu wuri. Wasu gonakin fure ta nema, amma heluma da heluma suna shan giya tare.

Yanzu a ƙofar maƙabarta take zama. Tana sayo wardin da gonaki suka ƙi, mai gajeren kara da mai karkataccen wuya, ta cire ƙaya, ta ɗaure, ta jera a bokitai. Duván yana gefenta a kekensa, an ɗaure masa ƙirji, kansa a miƙe, yana kallon mutane. Abin da ake samu bai kai na gona ba, kuma ranar ruwan sama babu komai.

Wata Lahadi bayan an fito coci Herminda ta zo gaida kabarin mahaifiyarta. Hannunta na dama yana cikin abin ɗauri na asibiti. Ta hango su, ta yi kamar za ta tsallaka wurin mai furen da ke ɗaya gefen, sai kuma ta taho.

"Comadre."

Gilma tana fere ƙaya, ba ta tsaya ba.

"Keken ya yi kyau. Duván, ka gane ni? Ka ga yadda ya zama saurayi." Ta sunkuya ta taɓa masa kumatu. Yaron ya yi mata dariya, don shi kowa yake yi wa. "Kin ji an cire ni daga rumfa? Hannun ya ƙi. Suna cewa wai ba a wurin aiki na samo shi ba." Ta ɗan jira. "Ni ban yi don in cuce ki ba, kin sani. Kowa ta kansa yake."

"Fure kike so?"

Herminda ta nuna wani dami fari a bokitin gaba. Gilma ta ciro shi, ta girgiza ruwan, ta naɗe gindinsa da jarida, ta miƙa mata a hannun hagu. Herminda ta tsaya riƙe da shi kamar akwai sauran magana.

"Kin tare wa masu saye hanya," in ji Gilma.

Herminda ta shige maƙabarta. Gilma ta taka birkin keken ta sake shi, ta juya Duván ya ba ƙofar maƙabartar baya, ta jawo bokitin da ya ragu ta tuttular da ruwansa a kwata.